Teɓar Dattawa da Wayar da ke Aljihunsu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Minna, daga Bosso har Chanchaga, wai teɓa alamar wadata ce, kuma dattijon da aka gani yana takawa a ƙasa, alhali yana da mota, to ko dai ya karye ko 'ya'yansa sun yi watsi da shi. Wannan magana ɓata ce, domin kitsen da ke taruwa a ciki, wanda ake yi wa Alhaji barka da shi ana cewa hutu ya karɓe shi, shi ne ke share wa hawan jini da ciwon suga hanya, ya kuma danne gwiwoyi har sujada ta gagara sai a kan kujera. Ina mutunci a nan? Iyayenmu da suka yi noman doya suka ɗauko ta zuwa kasuwa ba su rasa girma ba saboda tafiya, mu kuwa masallacin da ke bayan gida ma sai an tayar da mota. Gado da wasu magunguna suna da nasu hannu wajen kawo teɓa, amma galibi zama ne da sakwara cikin dare.

Likitoci suna ganin haɗari idan ƙugun namiji ya haura santimita 102, na mace kuma 88, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dattawa da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. To, wayar salula tana iya riƙe wannan lissafi, domin manhajoji irin su Samsung Health suna ƙirga taku muddin wayar tana aljihu. Kada taku 10,000 da ake yawan ambata ya firgita kowa. Asalinsa tallan wata na'ura ce a Japan, kuma ƙasa da haka ma yana da fa'ida ga mai shekaru.

Wajibi ne 'ya'ya da jikoki su saka wa Baba ko Hajiya manhajar, su ƙara girman rubutun, su raka su bayan Asuba ko La'asar kafin jiki ya saba, a fara da kaɗan. Mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. Yawancin manhajojin da Turanci suke, ba su kuma san tuwon shinkafa ko fura ba, saboda haka awon abinci sai a koma ga malmala: mai cin uku ya koma biyu, a rage lemon kwalba, a kuma ƙaurace wa shayin narkar da kitse da ake talla a WhatsApp.