Na'urori da Makomar Ma'aikata: Darasi Daga Bankunan Nijeriya

LEGAS: A farkon shekarun 1990, ɗan kasuwar da ya shiga reshen banki a Marina ta Legas ko a Onica, sai ya karɓi lamba ya nemi benci ya zauna jiran kira. Cekinsa kan bi ta hannun ma'aikata da dama: akawun da ke riƙe da katin lissafin ajiyarsa, mai duba sa hannu, jami'in da zai amince a biya, sa'annan kashiya. Idan kuwa cekin na wani gari ne, yakan ɗauki makonni kafin kuɗin su shiga. A yau, wannan aiki kacokan wayar hannu ke yin sa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin tambaya ga duk mai ɗaukar ma'aikata shi ne, ina waɗancan ayyuka suka tafi, kuma me ya maye gurbinsu?

Canjin bai auku a rana ɗaya ba. A shekarar 2001 gwamnati ta sayar da lasisin wayar salula, kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. A 2002 aka kafa kamfanin Interswitch, wanda ya haɗa na'urorin cirar kuɗi na bankuna daban-daban. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake buƙata daga naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, lamarin da ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, ya kuma ba waɗanda suka rage ƙarfin sayen manyan kwamfutoci. Daga nan sai tsarin tura kuɗi nan take a 2011, da manufar rage amfani da tsabar kuɗi da aka fara gwadawa a Legas a watan Janairu na 2012, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, da lambar BVN a 2014.

Kowane mataki daga cikin waɗannan ya ɗauke wani yanki na aikin ɗan Adam. A nan ne masana tattalin arziki ke bambanta tsakanin muƙami da ayyukan da ke cikinsa. Na'ura takan fara ne da aikin da ake maimaitawa bisa ƙa'ida guda, kamar ƙirga kuɗi, da shigar da lissafi, da buga wasiƙa, da kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Muƙamin da ba shi da kome sai irin wannan aiki, kamar na mai buga tafireta, shi ne ke ɓacewa baki ɗaya. Wanda kuwa yake da wasu ayyukan a ciki, kamanninsa ne ke sakewa.

Wani masani a Amurka, James Bessen, ya bi diddigin wannan al'amari a bankunan ƙasarsa. Ya gano cewa tsakanin 1988 da 2004, yawan kashiyoyin da reshe guda ke buƙata a birane ya ragu daga 20 zuwa 13 saboda na'urar ATM. Amma da yake buɗe reshe ya yi araha, sai rassan birane suka ƙaru da kashi 43 cikin 100, don haka jimillar kashiyoyi ba ta faɗi ba a lokacin. Sai dai bai kamata wannan ya sa a saki jiki ba, domin daga baya, da mu'amala ta koma cikin wayar hannu, yawansu ya shiga raguwa.

A Nijeriya labarin ya ɗauki wani salo na daban. Bayan Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, aikin kashiya ya fita daga zauren banki ya koma ƙarƙashin lema a bakin titi. Masu POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay sun cika kasuwanni, tun daga Mile 12 a Legas har Sasa a Ibadan, inda fatake masu kawo tumatir da albasa daga Arewa ke karɓar kuɗinsu ba tare da sun ɗaura su a ƙugu ba. Babu shakka an sami aikin yi mai yawa. To amma a duba irin aikin. Akawun banki na da yana da albashi, da fansho, da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa. Mai POS kuwa da jarinsa yake juyawa, shi ke ɗaukar hasarar jabun kuɗi da ta ɓarayi, ribarsa kuma tana ƙanƙancewa duk lokacin da wani ya kafa lema kusa da tasa. Hatta a cikin bankunan, da yawa daga cikin masu zama a kanta ma'aikatan kwantiragi ne da wani kamfani ya ɗauko. Wanda ya ƙirga yawan ayyuka kawai ya ce an ci riba, bai gama lissafi ba.

Ƙarancin tsabar kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya nuna inda ƙarancin ƙwarewa yake. Jama'a suka yi tururuwa zuwa tura kuɗi ta waya, na'urorin wasu bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, aka riƙa cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba. A wannan lokaci ba mai saurin ƙirga kuɗi ake nema ba. Ana neman injiniyan da zai tayar da na'ura idan ta tsaya, da ma'aikacin da zai bi sawun kuɗin da suka maƙale, da wanda zai kwantar da hankalin abokin ciniki. Abin takaici, irin waɗannan ƙwararru ne ƙasashen waje suka fi janyewa daga bankunanmu.

Ga mai shago ko mai ɗakin ajiyar kaya, darasin a fili yake. Yaron shago na yau dole ya iya karatu da lissafi sosai, ya iya daidaita cinikin yini da abin da ya shiga asusu kafin a rufe, ya kuma san cewa saƙon waya ko hoton rasit ba hujjar biya ba ne har sai ya ga kuɗin a asusun maigidansa. 'Yan damfara sun daɗe da gano wannan kafa. Amana, wadda ita ce jarin kasuwancinmu tun kaka da kakanni, na nan da darajarta, sai dai amintaccen yaron da bai iya karanta bayanin asusu ba, ana iya cutar maigidansa a gaban idonsa.

Guguwa ta gaba kuma ta riga ta iso. Tun a 2018 bankin UBA ya ƙaddamar da Leo, manhajar da ke amsa tambayoyin abokan hulɗa, kuma fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ta nuna cewa na'ura na iya rubuta wasiƙa da taƙaita rahoto. Wannan karon, masu takardun digiri da ke aikin ofis su ma abin ya shafe su.

Saura batun wanda zai biya kuɗin horo. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa na tsoron su horar da yaro ya gudu, kuma tsoron yana da dalili. Amma ya kamata su tuna cewa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta ɗora wa biya, kuma yana mayar da wani kaso ga kamfanin da ya nuna shaidar cewa ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojin asusun. Kamfanin da ke biyan wannan kuɗi kowace shekara ba tare da ya tura ko da akawu ɗaya kwas ba, ya bar haƙƙinsa ne a hannun hukuma.