Yadda Littafi Guda Ya Juya Ra'ayin Amurkawa Game da DDT

A shekarar 1962 wata masaniyar halittun teku a Amurka, Rachel Carson, ta wallafa littafi mai suna Silent Spring a kan illar magungunan kashe ƙwari irin su DDT. Yawancin hujjojin da ke ciki masana sun riga sun san su, sai dai suna warwatse a mujallun da su kaɗai ke karantawa. Gwanintarta tana cikin yadda ta jera su.

Ba ta fara da alƙaluma ba. Ta buɗe da tatsuniyar wani gari mai ni'ima, inda aka wayi gari tsuntsaye sun yi tsit, ƙwan kaji ya ƙi ƙyanƙyashewa, mutane na faɗuwa ciwo. Sai da tsoro ya kama mai karatu sannan ta gaya masa cewa babu wannan gari, amma kowace masifa da ta zana ta auku a wani wuri. Wannan iƙirari shi ya sayo mata amincewa, domin wanda ya tona ƙirƙirarsa da bakinsa ba a saurin zarginsa da ƙarya.

Daga nan ta kawo hujja. A tafkin Clear Lake na Jihar Kalifoniya an zuba DDD, ɗan'uwan DDT, kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan, don kashe wasu ƙananan ƙwari. Maganin ya bi ta ƙananan halittun ruwa zuwa kifi, daga kifi zuwa tsuntsaye masu cin kifi, yana taruwa a kowane mataki, har aka sami kashi 1,600 cikin miliyan a kitsen tsuntsayen da suka mutu. Watau ya ninka sau 80,000. Bugu da ƙari, ta kwatanta magungunan da ƙurar gwajin bama-baman nukiliya, wadda Amurkawa suka riga suka firgita da ita.

Sai dai littafin bai ba amfanin DDT wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro fili sosai ba, alhali wannan ciwo na hallaka yara a Afirka. Ita kanta Carson ba ta ce a daina magungunan ƙwari ɗungum ba; barbaɗa su barkatai ta soka. Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki a 1972, amma Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofar fesa shi don kashe sauro.