Yadda Mata Masu Ru'ya Suke Samun Bakin Magana a Cocin Turai

A Turai ta zamanin da, daga ƙarni na 12 zuwa na 16, mace ba ta hawa mumbarin coci, ba a naɗa ta limamiya, galibi kuma ba ta shiga jami'a. Babbar hanyar da ta rage mata a saurare ta kan al'amuran addini ita ce ru'ya: ta ce Ubangiji ya nuna mata wani abu, ya kuma umarce ta ta faɗa. Wannan hanya tana da ladubbanta, waɗanda matan suka gada daga juna.

Abu na farko shi ne ƙanƙan da kai. Mai rubutun takan bayyana kanta a matsayin mace mai rauni, marar ilimi, don a fahimci maganar ba tata ba ce. Hildegard ta Bingen a Jamus, wadda aka haifa a 1098, haka ta riƙa siffanta kanta, alhali ta rubuta littattafan magunguna, ta tsara kiɗan ibada, ta yi wa sarakuna nasiha ta wasiƙa. Da yawansu kuma sukan ce sun ƙi rubutawa da farko, sai ciwo ya kwantar da su. Hildegard ta ce hakan ya same ta bayan umarnin da ta ji a 1141. Julian ta Norwich a Ingila ta ga ru'yoyinta goma sha shida a 1373, tana kwance ana zaton ajali ya zo.

Daga nan sai shaidar namiji. Kusan kowace tana da limamin da take yi wa iƙirarin zunubi, shi ke umartar ta da rubutu, ko ya rubuta abin da take faɗa, ya kai wa manya. Volmar ne magatakardan Hildegard, kuma ita da kanta ta nemi shawarar Bernard na Clairvaux. Catherine ta Siena tana da Raymond na Capua, wanda daga baya ya rubuta tarihinta. Margery Kempe, matar aure daga Lynn, da baki ta yi ta faɗa wa masu rubuta mata. Nan akwai wuyar sha'ani ga mai karatu a yau, domin ba kullum ake iya raba muryar matar da alƙalamin limamin ba.

Malaman coci suna da nasu ma'aunin na tantance ko ru'ya daga Allah take ko daga Shaiɗan, kuma ɗaya daga cikinsu, Jean Gerson, ya yi rubutu a kai a 1415. Ana duba biyayyar matar kafin a duba maganarta. Marguerite Porete ta rubuta littafinta da Faransanci, bishop ya haramta shi, ta ci gaba da yaɗa shi, aka ƙone ta a Paris a 1310. Littafin bai mutu ba, an yi ta kwafarsa ba da sunanta ba.

Teresa ta Avila a Sifaniya ta bi ladubban nan da basira. Ta rubuta tarihin rayuwarta bisa umarnin limamanta, kotun coci mai binciken bidi'a ta riƙe littafin shekaru da dama, amma ta ci gaba da kafa gidajen zuhudu na mata har rasuwarta a 1582. A 1970 Paparoma Paul na Shida ya sanya ta, ita da Catherine, cikin manyan malaman coci, matsayin da ba a taɓa ba mace ba kafin wannan shekara.