Tsabar Azurfar Rumawa: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Maganar da ta fi yawo ita ce wai duk wanda ya riƙe tsabar azurfa ta zamanin Rumawa ya yi ban kwana da talauci. Ba haka ba ne. Dinariyus, kuɗin azurfar da Rum ta fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin yaƙinta da Hannibal, an yi ƙarnuka ana buga shi don biyan sojoji. A 1929 an haƙo sama da guda 80,000 a wuri ɗaya, a Reka Devnia ta ƙasar Bulgeriya. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada, shi ya sa na sarakuna irin su Trajan ko Septimius Severus 'yan gomomin daloli ne a kasuwa. Masu tsadar gaske tsiraru ne, irin wanda Brutus ya buga a shekara ta 42 kafin Miladiyya yana alfahari da kashe Julius Kaisar.

Wai idan maganaɗisu bai kama ba to azurfa ce. Dalma da tagulla ma ba ya kama su, kuma da su ake yin jabu. Sikeli ya fi amfani: dinariyus na zamanin Sarki Augustus kusan giram 3.9 ne, Sarki Nero ya rage shi zuwa kusan 3.4 a shekara ta 64 Miladiyya.

Akwai kuma masu ƙin tsabar da ta karkace, su nemi mai da'ira sumul. Sun juya zancen. Da guduma aka buga kowace ɗaya, don haka hoton kan zame gefe, baki kan tsage. Abin tsoro shi ne layin haɗi a gefen tsabar, ko ƙananan ramuka a fuska, alamar zubi ce aka yi a mazubi.

Gaskiya ne ba dukansu ne azurfa zalla ba. A zamanin Severus azurfar ta dawo kusan rabi. Akwai ma waɗanda tagulla ce a ciki aka lulluɓe da azurfa, aikin 'yan jabun wancan zamani, kuma masu tarawa suna sayensu da saninsu, tunda jabun ma ya kusa shekara dubu biyu.

Haka nan gaskiya ne ba a rubuta shekara a kansu. Muƙaman sarki ake bi. Idan ka ga COS V a tsabar Trajan, wato yana riƙe da muƙamin konsul karo na biyar, an buga ta tsakanin 103 da 111, domin a 112 ya karɓi muƙamin karo na shida.

Sai batun gogewa, wanda ya fi ba ni takaici. Wai sai ta yi ƙyalli take daraja. Duhun nan da shekaru suka ɗora mata shi masu saye ke so, kuma wanda ya dirje ta da toka ko soson ƙarfe ya kankare rubutun da za a gane sarkin da shi, farashin kuma ya faɗi.