Ikilisiyar da Take Taruwa a Gida

A zamanin manzanni masu bi ba su da ginin sujada na kansu. A gidaje suke taruwa. Bulus ya aika gaisuwa ga ikilisiyar da take gidan Bilkisu da Akila a Roma, da ta gidan Nimfa, da ta gidan Filimon. A Dura-Yuropos, cikin ƙasar Suriya, an tono wani gida da masu bi suka gyara wajen shekara ta 240. Sun rushe bangon da yake tsakanin ɗakuna 2 don taro, suka keɓe wani ɗaki domin baftisma.

Ayyukan Manzanni 2:42 ta nuna abubuwa 4 da suka riƙe: koyarwar manzanni, zumunta, gutsuttsura gurasa, da addu'a. A ƙaramin taro gwauruwa ba ta ɓacewa cikin jama'a, kuma in wani ya kwanta ciwo, nan da nan za a sani.

Amma akwai hatsari. A Koranti masu hali sukan riga cin abinci, matalauta su koma da yunwa, har Bulus ya tsauta musu. Saboda haka taron gida yana bukatar tsari. Bulus ya umarci Titus ya naɗa dattawa a kowane gari na Karita.

In za ku fara, ku shawarci fasto da dattawa. Ku zaɓi mai jagora wanda yake riƙon gidansa da kyau. Kada ku ware dangi ko kabilarku kaɗai. Ran Lahadi kuma ku haɗu da sauran 'yan'uwa, gama jiki ɗaya ne mu.