Intanet Na Yawan Ɗaukewa a Kwamfutar Gida? Ga Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Intanet ɗin da ya mutu gaba ɗaya ya fi sauƙin gyara a kan wanda yake zuwa yana tafiya. Na farkon an san ya mutu. Na biyun kuwa zai yi minti ashirin lafiya lau, ya ɗauke na daƙiƙa talatin, ya dawo kamar ba abin da ya faru. A waya ba a cika lura da wannan ba, domin WhatsApp yana ajiye saƙo ya tura idan sabis ya dawo. Amma a kwamfutar tebur, waɗannan daƙiƙoƙi sun isa su katse ganawar neman aiki a Zoom, ko su sa a sake cike fom ɗin makaranta daga farko, ko a cire wa mutum kuɗi a banki shafin bai nuna ya biya ba.

Da yawa suna ɗora laifin a kan kamfanin layi, su sayi sabon sim ko sabuwar rauta, matsalar kuma tana nan. Alhali intanet yana bi ta zango uku kafin ya iso allo: kwamfutar kanta, hanyar da ke tsakaninta da rauta, sai kuma tsakanin rauta da kamfanin sadarwa. Aikin farko shi ne gano zangon da yake yankewa.

Gwajin farko: waya ce shaida

A haɗa waya da Wi-Fi ɗin da kwamfutar take kai, a kashe datar wayar, a ajiye ta kusa. Duk lokacin da kwamfutar ta ɗauke, a duba wayar nan take. Idan wayar tana aiki, laifin yana jikin kwamfutar ko igiyarta. Idan duka biyun sun tsaya tare, hankali ya koma kan rauta ko kamfanin layi.

Gwaji na biyu: ping

Windows yana da kayan aikin da ke fayyace wannan kyauta. A rubuta cmd a akwatin bincike, a buɗe baƙar tagar da ta fito, a rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin rauta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a na'urorin Huawei da yawa kuma 192.168.8.1.

Sai a buɗe tagogi biyu. A ɗaya a rubuta ping -t da adireshin rautar, a ɗayar kuma ping -t 8.8.8.8, wadda sabar Google ce. A bar su suna gudana ana ci gaba da aiki. Idan intanet ya ɗauke, a duba inda aka rubuta "Request timed out". Idan tagogin biyu ne, matsalar tana cikin gida. Idan ta Google ce kaɗai rauta kuma tana amsawa, matsalar tana waje. Idan kuwa duka biyun suna amsawa amma shafuka sun ƙi buɗewa, to DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare yakan magance wannan. Ana tsayar da gwajin da Ctrl da C.

Idan laifin kwamfuta ne

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne tsarin tattalin wuta. Windows yakan kashe na'urar kama intanet idan ya ga kamar ba a amfani da ita. A shiga Device Manager, a buɗe Network adapters, a zaɓi na'urar, a shiga Properties. Idan akwai shafin Power Management, a cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe na'urar don adana wuta.

Kwamfutocin tebur da yawa ba sa zuwa da Wi-Fi, sai a saya musu ƙaramar na'ura mai shiga ramin USB. A nan akwai tarko biyu. Idan aka soka ta a baya, akwatin ƙarfen kwamfutar da bangon ɗaki suna tare siginar. Sannan ramukan USB 3.0, masu launin shuɗi a ciki, suna fitar da hayaniyar lantarki da ke damun Wi-Fi na 2.4GHz, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun a 2012. Maganin mai arha ne: igiyar ƙari ta USB da za ta ɗago na'urar zuwa kan tebur.

Idan ipconfig ya nuna adireshin da ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba. A rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In abin ya fara ne bayan sabunta Windows, a sauke direban na'urar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Network reset da ke cikin Settings shi ne matakin ƙarshe, kuma a tanadi kalmar sirrin Wi-Fi tukuna domin zai goge ta.

Idan laifin hanya ne

Mai amfani da igiyar Ethernet ya fara duba kan igiyar. Ɗan harshen robar da ke riƙe ta yana karyewa, sai ta riƙa motsi duk sanda aka taɓa tebur. A cikin igiyar akwai ƙananan wayoyi takwas. Gudun 1000Mbps yana buƙatar dukansu, na 100Mbps kuwa huɗu sun ishe shi. Saboda haka idan haɗin da ya saba nuna 1000 ya koma 100, ana zargin wata waya ta tsinke a ciki, musamman inda ƙofa take danne igiyar ko ɓera ya ratsa.

Ga mai Wi-Fi, 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da rautocin maƙwabta duk a nan suke. A saitin rauta a gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Idan kwamfutar tana ɗaki ɗaya da rauta, 5GHz ya fi kwanciyar hankali.

Idan laifin rauta ne

Wuta da zafi su ne manyan abokan gaba. Ƙyaftawar wutar NEPA, ko sauyawa zuwa janareta, ta isa ta sa rauta ta sake tashi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Inda aka sa wa kwamfuta UPS aka bar rauta a soket, allo ba zai mutu ba, sai a zaci sabis ne ya gudu. A haɗa rautar da UPS ɗin, ko a saya mata ƙaramin batirinta. A watannin Maris da Afrilu kuma, rautar da aka ajiye a tagar da rana ke duka takan yi zafi har ta riƙa sake tashi.

Rauta ko MiFi mai sim takan yi tsalle tsakanin 4G da 3G idan siginar ba ta da ƙarfi, kowane tsalle kuma yankewa ne. Kulle ta a 4G kaɗai yana taimakawa inda sabis ɗin yake kamawa. Masu raba data daga waya su kashe tsarin tattalin batiri, ko su haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar USB.

Idan laifin waje ne

Wani lokaci ba abin da mai gida zai iya yi. A ranar 14 ga Maris 2024, lalacewar manyan igiyoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE ta jefa Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma cikin matsalar intanet. Amma idan yankewar ta kullum ce, a rubuta rana da lokaci na tsawon kwana uku, a ɗauki hoton sakamakon ping. Idan kullum da daddare ne, alama ce ta cunkoso a turken sabis na unguwa. Wanda ya kira kamfani da wannan bayani a hannu ya fi samun sauraro, kuma zai san ko sauya layi ya dace kafin ya kashe kuɗinsa.