Gasar kimiyya ta ƴan makaranta: sharuɗɗan shiga da dokokin kiyaye lafiya

A kowace shekara, cikin watan Mayu, ƴan makaranta fiye da 1,500 daga ƙasashe fiye da 60 suna taruwa a wani birni na Amurka domin nuna ayyukan binciken da suka yi. Wannan taro shi ne ake kira ISEF, gasar kimiyya da fasaha ta ƙasa da ƙasa. An fara ta a shekarar 1950 a birnin Filadalfiya, kuma daga 1958 ne ƴan wasu ƙasashe suka fara shiga. Ƙungiyar Society for Science da ke Washinton ita ce ke shirya ta. A shekarar 2024 kyautar farko ta kai dala 75,000. Amma kafin yaro ya kai ga zancen kyauta, sai aikinsa ya cika wasu sharuɗɗa masu tsanani, waɗanda ya kamata malamai da uwaye da ma'aikatan ilimi su sani.

Wane ne ke iya shiga?

Ba a shiga gasar kai tsaye. Sai ɗalibi ya fara yin nasara a gasar yankinsa ko ta ƙasarsa wadda ke da yarjejeniya da masu shiryawa. Dole ya kasance daga aji na 9 zuwa na 12, wato kamar daga ajin ƙarshe na kolej zuwa ajin ƙarshe na lise, kuma bai cika shekara 20 ba ranar 1 ga watan Mayu na shekarar gasar. Ana iya yin aikin mutum ɗaya, ko a haɗa kai, amma kada a wuce mutum uku. Binciken da za a nuna ba zai wuce na wata 12 ba. Ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayanin aikinsa cikin kalmomi 250 ko ƙasa da haka. Wanda aka kama da satar aikin wani, ko da ƙirƙira sakamakon da bai samu ba, an kore shi ke nan.

Babba a bayan kowane yaro

Sharaɗi mafi nauyi shi ne wannan: tun kafin a taɓa ko da kwalba ɗaya, sai ɗalibi ya rubuta tsarin bincikensa, wani babba ya karanta, ya auna haɗarin da ke ciki, ya sa hannu. Wannan babba yana iya zama malami, ko uba, ko masani. Idan aikin ya shafi mutane, ko dabbobi, ko ƙwayoyin cuta, sai kuma wani kwamiti ya amince tukuna. Kwamitin duba bincike yana da aƙalla mutum uku, cikinsu da masanin ilimin halittu da lafiya da kuma malami. Izinin da aka nema bayan an gama gwaji ba ya aiki, domin amfanin izini shi ne hana ɓarna tun ba ta auku ba.

Labarin wani saurayi mai suna David Hahn ya isa misali, ko da yake ba domin gasar ya yi aikinsa ba. A shekarar 1994, yana da shekara 17, ya tara sinadarai masu fitar da tururin nukiliya daga tsofaffin agogo da ragar fitilar gas da na'urorin jin hayaƙi, yana gwaji shi kaɗai a wata rumfa bayan gidan mahaifiyarsa a jahar Mishigan. A 1995 sai da hukumar kare muhalli ta rushe rumfar, aka kwashe kayan zuwa wurin binne shara mai guba. Yaron yana da ƙwazo, abin da ya rasa shi ne mai lura da shi.

Mutane da dabbobi

Ko tambayoyi kawai ɗalibi zai yi wa jama'a, sai wani kwamiti dabam ya duba, wanda ya ƙunshi malami da shugaban makaranta da ma'aikacin lafiya. Wanda za a tambaya sai an gaya masa manufar aikin, ya yarda da kansa, kuma yana da ikon janyewa a duk lokacin da ya so. Idan yaro ne, ana neman yardar uwayensa. An hana ɗalibi ya ce wa mutum ga ciwon da ke damunsa, ko ya ba shi magani, domin wannan aikin likita ne.

Dokar dabbobi ma tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1960, a wata gasar ƴan makaranta ta Amurka, an ba da kyauta ga aikin da aka makantar da tsuntsaye a cikinsa. Jama'a suka yi tir da abin, aka tsananta doka. A yau gasar ISEF ta hana duk gwajin da aka shirya domin ya kashe dabba ko ya azabtar da ita. Idan dabba ta rame har ta rasa fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinta, sai a tsayar da aikin. Idan ta mutu, sai masani ya bincika dalili. In gwajin ne sanadi, aikin ya faɗi.

Ƙwayoyin cuta da wuta

Yara da yawa suna son su gwada ruwan rijiya ko dauɗar hannu su ga abin da zai tsiro. Doka ta hana yin haka a gida. Dalili shi ne ƙwayar da ba ta da yawa cikin ruwa takan hayayyafa ta zama miliyoyi cikin kwana ɗaya ko biyu idan an ba ta abinci da ɗumi, kuma ba mai sanin irinta da ido. Sabili da haka sai a ɗakin gwaje-gwaje, cikin faranti na roba da aka liƙe, ba a buɗe shi, daga bisani a kashe ƙwayoyin da zafin tururi ko da maganin kashe cuta kafin a zubar.

Game da wuta kuwa, shekarar 2014 ta bar darasi. A watan Janairu wani ɗalibi ya ƙone ƙwarai a wata makaranta a Niyu Yok, a watan Satumba kuma mutum 13, yawancinsu yara, suka ji rauni a wani gidan nuna kimiyya a birnin Reno. Duka biyu sanadin ɗaya ne: an tsiyaya alkwal mai suna metanol daga babbar kwalba kusa da wuta. Harshen wutar metanol da ƙyar ake ganinsa da rana, tururinsa kuma yakan ja wutar zuwa cikin kwalba, ta fesa waje a kan masu kallo.

Ranar nuni

A zauren nuni, wurin kowane aiki ba ya wuce santimita 122 a faɗi da 76 a zurfi. Ba a kawo abu mai rai, ko da shuka ce. Ba a kawo ƙasa, ko abinci, ko allura, ko wuƙa, ko wuta, ko sinadari, har ma da ruwa. Ɗalibi yana nuna hotuna da littafin da ya riƙa rubuta aikinsa kowace rana. Hoton wani mutum ma sai da yardarsa a rubuce.

Yawancin waɗannan dokoki ba su bukatar kuɗi. Takarda ce da sa hannu, da babba mai lura, da haƙurin jiran izini. Shugaban makarantar da ke son shirya ƙaramin nuni yana iya farawa da abu uku: kowane ɗalibi ya rubuta tsarinsa, malami ya duba kafin a fara, ma'aikacin lafiya na gari ya ba da shawara kan abin da ya shafi jiki. Su kuma uwaye, idan yaro ya shigo gida da esansi, ko ruwan batir, ko maganin ƙwari da sunan aikin makaranta, su tambaye shi wane malami ne ya sa hannu. Rigakafi ya fi magani.